TARIHIN AKORI-KURA: MOTAR DA TA CIYAR DA SABO

 Ina roƙon ku ara mini hankalinku kaɗan, domin yau zancen mota na zo da shi, kodayake an fi sabawa da jin farashin goro da albasa daga bakin irinmu 'yan kasuwa.

Abin da ya tayar da maganar shi ne wannan. Ran nan ina dawowa daga Bodija sai na bi ta bayan wani gareji a wajen Mokola, na tarar 'yan gwangwan sun taru a kan wata tsohuwar Fijo 404 akori-kura, sun sa mata wutar walda suna yanka ta gunduwa-gunduwa kamar an kayar da sa. Na tsaya ina kallo. Sai wani yaro ɗan unguwarmu, bai fi shekara goma sha biyar ba, ya matso ya ce da ni, "Baba, wai wannan wace irin mota ce?" Wallahi tambayar nan ta fi yankan yi mini ciwo. Na san kakan yaron nan, Allah ya ji ƙansa, kuma na san da irin wannan mota ya gina gidan da yaron yake kwana a ciki yau. Amma ko sunanta jikan bai sani ba. To laifin wa? Namu ne da muka gani muka yi shiru. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani, na gani da na karanta da wanda na ji a bakin manya, ko Allah zai sa wani ya ƙaru.

ASALIN SUNAN

Kafin mota ta wadata, kayan cikin gari a ka ake ɗaukar su, ko a kan jaki a can gida, ko kuma a kura, wato amalanke, wadda ƙarti suke turawa suna gumi. Duk wanda ya girma a Sabo ya ji labarin yadda ake turo huhunan goro zuwa tashar jirgin ƙasa ta Dugbe a loda su zuwa Arewa. Jirgin nan ya iso Badun tun 1901, ya kai Kano a 1911, ita kuwa Sabo an kafa ta a 1916, saboda haka kun ga cinikinmu ya girmi mota a wannan wuri.

Da ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya ta zo, abin da kura uku za su kwashe a sawu uku sai ta kwashe shi a sawu ɗaya. Bahaushe kuwa ba ya rasa suna, sai ya ce mata "a kori kura". Sunan ya bi ta har yau, ko wane kamfani ne ya ƙera ta. Amma a kunnen mutanen zamanina, in aka ce akori-kura, Fijo ake nufi, sauran duk 'yan rakiya ne.

INDA AKA HAIFE TA

Asalin irin wannan mota daga Amurka yake. Manoman can su suka fara dabarar, sai mutum ya sayi ƙaramar mota ya cire kujerar baya, ya kafa akwatin katako a wurin don ɗaukar buhu da itace. Da kamfanin Ford ya ga haka, a shekarar 1925 sai ya fito da motarsa Model T da bodin ƙarfe a baya tun daga masana'anta, ana sayar da ita dala 281. Masu tarihi da yawa daga nan suke fara ƙirga shekarun akori-kura.

Akwai wani labari mai daɗi kuma daga Ostareliya. Matar wani manomi a jihar Victoria ta rubuta wa Ford wasiƙa tana kukan cewa ba su da halin sayen mota biyu, suna son guda ɗaya wadda za su shiga su je coci ran Lahadi cikin mutunci, ran Litinin kuma ta kai musu aladu kasuwa. Aka ba wani matashin mai zane, Lewis Bandt, aikin. A 1934 motar ta fito, gabanta na motar shiga, bayanta na motar kaya. In kun duba, buƙatar matar nan ita ce buƙatar iyayenmu: mota ɗaya, ta kai ka Masallacin Juma'a, gobe ta kai kayanka kasuwa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai abin ya bunƙasa a Amurka. Chevrolet suka fito da sabon samfurinsu a 1947, Ford suka biyo da F-1 a 1948, wadda ita ce kakar jerin motocin nan da ake kira F-Series. Tun daga 1977 babu motar kaya da ta kai su kasuwa a ƙasar.

Ga wani abu da ɗan kasuwa zai so ya ji. A farkon shekarun 1960 Faransa da Jamus ta Yamma suka ɗora haraji mai nauyi a kan kajin da ake kai musu daga Amurka. Shugaban Amurka na lokacin, Lyndon Johnson, ya rama a 1964 da harajin kashi 25 cikin 100 a kan ƙananan motocin kaya da ake shigowa da su daga waje. Har yau ana kiransa harajin kaza, kuma har yau yana nan. Wannan yana cikin dalilan da suka sa kamfanonin gida suka riƙe kasuwar akori-kura a Amurka. Rigimar kaza ta shafi mota, ikon Allah ke nan.

FIJO MAI ZAKI

Tamu kuwa daga Faransa ta fito. Gidan Peugeot tsohon gidan maƙera ne, tun 1810 suke aikin ƙarfe, suna yin zarto da injin niƙa kofi tun kafin a san mota. Zakin nan da muke gani a gaban motar, asalinsa tambarin zartonsu ne, wanda suka yi wa rajista a 1858. Babbar masana'antarsu tana garin Sochaux a gabashin Faransa.

A 1955 suka fito da 403, ita ma ta yi akori-kura, kuma dattawa suna tuna ta. A 1960 sai 404 ta zo, wani kamfanin Italiya mai suna Pininfarina ya zana ta, akori-kurarta kuma ta fito a 1967. Abin da ya ɗaga sunanta a Afirka shi ne gasar tseren nan ta Safari a Gabashin Afirka, inda ake bin laka da duwatsu da ƙura kwana da kwanaki. 404 ta ci gasar sau huɗu: 1963, 1966, 1967 da 1968. Daga nan kowa ya san mota ce ta mugun hanya. An ƙera wajen miliyan biyu da dubu ɗari takwas, ta ƙarshe kuma a Kenya aka harhaɗa ta a 1991.

Ƙanwarta 504 ta fito a 1968, aka zaɓe ta gwarzuwar mota ta Turai a 1969, amma akori-kurarta sai a 1979 ta bayyana.

Me ya sa suka yi ƙarko haka? Na tambayi kanikawa da yawa, amsarsu ɗaya ce. Injin 404 ƙarami ne, mai fistin huɗu, girmansa 1,618 cc, an ɗan kishingiɗar da shi gefe, kuma babu abin da ya ɓuya a cikinsa. Ramukan da fistin yake gudu a ciki bututu ne da ake zarewa a sa sabo, saboda haka in inji ya gaji ba a jefar da shi, a yi masa aiki ya dawo kamar jiya aka saye shi. Bayanta kuwa sifirin ne na faranti-faranti irin na babbar mota. Giyar 404 a jikin sitiyari take, shi ya sa mutum uku suke zama a gaba ba takura. Babu kwamfuta, babu na'urar da sai an kai birni. Sifana, filaya da sukudireba, sai bakanike mai kunne, shi ke nan ka tashi.

YADDA TA ZAMA 'YAR GIDA

Abubuwa uku suka haɗu a 'yan shekaru kaɗan suka buɗe wa Fijo ƙofa a ƙasar nan. Na farko, ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙin hannun hagu irin na Ingila ta koma hannun dama kamar maƙwabtanmu, sai motar Faransa ta zama daidai da hanyarmu. Na biyu, kuɗin man fetur ya shigo, ga kuma ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, kuɗi ya yawaita a hannun jama'a, ciniki ya buɗe. Na uku, gwamnati ta shiga haɗin gwiwa da kamfanonin waje don a riƙa harhaɗa motoci a gida. Aka kafa Volkswagen a Ikko, Leyland a nan Badun, Mercedes a Inugu, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, ita kuwa Peugeot a Kakuri ta Kaduna, inda aka fara aiki a 1975 zamanin Janar Gowon. A farkon lamarin ta jirgin sama ake kawo kayan haɗin daga Lyon ta Faransa zuwa Kano, daga nan a wuce da su Kaduna. Da Janar Obasanjo ya hau a 1976, gwamnatinsa ta mai da 504 motar manyan ma'aikata, sai darajarta ta ƙara hawa.

Amma ga wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ba duk Fijo ce ta fito daga Kaduna ba. Kamfanin SCOA ya daɗe yana harhaɗa akori-kurar Fijo, 404 da 504, a Apapa ta Ikko. Saboda haka mu mazauna Kurmi, motar nan maƙwabciyarmu ce, a bakin ƙofarmu aka haɗa da yawa daga cikinsu.

TA BABANMU

Mahaifina, Allah ya gafarta masa, ɗan goro ne. Ya sayi tasa 404 a shekarar da aka buɗe sabon titin Ikko zuwa Badun, wato 1978, lokacin ina ƙaramin yaro. Fara ce, da tamfol kore a kan ƙarafan baya, an rubuta "Haƙuri Maganin Duniya" a ƙofar bodi. Ranar da ta iso, mata sun yi guɗa, aka raba goro da alewa, liman ya zo ya yi addu'a.

Aikinta ba shi ne kai goro Arewa ba, wannan na manyan motoci ne da jirgi. Ita aikinta shiga daji. Babbar mota ba ta iya bin hanyoyin gonakin Ijebu da Shagamu da Ife da Ondo, musamman da damina. Akori-kura ce take kutsawa ƙauye-ƙauye, a saya a hannun matan Yarabawa masu ɓare goro, a lodo kwanduna a kawo Sabo. A nan ake zama a tsince, a ware marsa daban, minu daban, a shimfiɗa ganyen fita a ɗaure huhu. Kafin Baba ya sami mota sai ya jira dillali ya kawo masa a kan farashin da ya ga dama. Da ya sami mota shi yake zuwa gindin bishiya. Ribar da ke tsakanin nan ita ta biya mana kuɗin makaranta, ita ta kai shi Makka, ita ta aurar da yayyena mata.

Masu ita sun ce kimanin tan ɗaya take ɗauka. Allah ya yafe mana, mu dai ba mu taɓa aunawa ba. Sai an ga bayanta ya durƙusa, gabanta ya ɗaga kamar mai roƙon ruwa, sannan yaron mota zai ce lodi ya yi.

Kuma ba ta Baba ce shi kaɗai ba, ta unguwa ce. In naƙuda ta zo wa mace da tsakar dare, ƙofarmu ake bugawa, a shimfiɗa katifa a baya a nufi asibitin Adeoyo. In an yi rasuwa, ita take ɗaukar makara. In an yi aure, ita take kai gado da kwalla da langa gidan amarya. Da Babbar Sallah ita take rarraba raguna. Mu 'yan Islamiyya kuwa, ranar saukar karatu a bayanta ake zuba mu, muna ta murna kamar an ba mu jirgin sama. Ban taɓa ganin Baba ya karɓi ko kwabo a kan naƙuda ko gawa ba, ko kuɗin mai.

Tafiya gida kuwa ba a mantawa. A tashi bayan sallar Asuba, a bi Oyo, Ogbomosho, Ilori, a haye gadar Jabba, a yada zango a Mokwa a ci abinci a duba ruwan lagireto da baƙin mai, sannan a kama hanyar Tegina da Birnin Gwari zuwa Kaduna. Mu yara muna baya a kan buhunan gari da jarkokin manja na tsaraba, mu isa jajawur da ƙura, idanu kaɗai ake gani. Wata rana fanbel ya tsinke mana cikin daji bayan Tegina, direba ya karɓi ɗankwalin Inna ya murɗa shi ya ɗaura, a haka muka lallaɓa har gari na gaba. Inna ta yi shekaru tana yi wa Baba tsiya cewa motarsa tana da bashin ɗankwali.

ABIN DA YA KWANTAR DA ITA

A 1980 naira ɗaya ta fi dala ɗaya daraja. A watan Satumba na 1986, zamanin tsarin nan na SAP, aka saki naira a kasuwar canji, dala ɗaya ta koma wajen naira huɗu, daga nan kuma ba ta sake waiwayowa ba. Tunda yawancin kayan haɗin daga waje ake sayo su, sai sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwa irin Baba. Aka koma tokumbo, ta tashar Ikko da ta Kwatano.

A lokaci guda kuma motocin Japan suna ta shigowa, Datsun da Mazda da Isuzu, ga kanta mai ɗaukar fiye da abin da Fijo take ɗauka. Toyota Hilux, wadda aka fara yi a 1968, ta yi suna ƙwarai bayan yaƙin Chadi da Libiya na 1987, inda sojojin Chadi suka yi amfani da akori-kurar Toyota suka fatattaki tankokin yaƙi, har ana kiransa Yaƙin Toyota. Kayan gwari kuwa J5 ta karɓe su. Faransa da kanta ta daina 504, Kenya ta tsaya a 2004, Kaduna ta ɗan ƙara gaba kaɗan sannan ita ma ta tsaya. A ƙasarmu aka rufe littafin 504 na duniya baki ɗaya.

Tamu ta kwanta ne bayan rasuwar Baba. Ta yi shekaru a ƙofar gida a kan duwatsu, kaji suna ƙwai a ƙarƙashin kujera, ruwan Kurmi yana cin ƙasanta. Da aka zo rabon gado, Yayanmu ya ce a sayar. Na ce, "Yaya, a bar ta mana, ai ita ce Baba." Ya ce, "Kai ma ka san ba taka ba ce kai kaɗai. Akwai ƙannenmu marayu a ciki, kana da kuɗin da za ka biya su rabonsu?" Ba ni da shi a lokacin, kuma gaskiya ya faɗa. Aka kira 'yan gwangwan suka auna ta a kan sikeli kamar buhun masara. Inna ba ta fito ba ranar. Da na shiga ɗakinta sai ta ce, "Ɗan nan, sun tafi da ita?" Na ce, "Sun tafi, Inna." Ba ta ƙara cewa komai ba. Abin da ya fi damuna yau shi ne ko hoto ɗaya ba mu ɗauka ba, takardunta kuma gara ta cinye.

MASU TARA TSOFAFFIN MOTOCI

Da na fara bincike sai na ga ashe abin da muke aunawa a sikeli, wasu a duniya taskace shi suke yi. A Amurka akwai ƙungiyar masu tsofaffin motoci da aka kafa tun 1935, wadda a wurinta duk motar da ta kai shekara 25 ta shiga sahun kayan tarihi. Kowace Oktoba suna taruwa a garin Hershey na jihar Pennsylvania, fili guda ya cika da motoci da tsofaffin kayan gyara, kamar a ce Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano sun haɗu wuri ɗaya. A Scottsdale ta jihar Arizona kuma ana yin babban gwanjo duk watan Janairu, inda tsohuwar akori-kurar manomi da aka gyara takan fi sabuwa tsada. Da yawansu in ka bi labarin, motar uba ce ko ta kaka, ko irin wadda mutum ya koyi tuƙi da ita a gona.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na wani ɗan kasuwa, Sam Walton, wanda ya kafa kantunan Walmart a 1962. A 1985 an bayyana shi a matsayin wanda ya fi kowa kuɗi a Amurka, amma motar da yake yawo da ita Ford F-150 ce akori-kura, ƙirar 1979, da akwatunan karnukan farautarsa a baya. Ya rasu a 1992, motar kuma aka ajiye ta a gidan tarihin kamfanin a garin Bentonville na jihar Arkansas, jama'a suna zuwa kallo.

A Faransa motar da ta kai shekara 30 ana iya yi mata takarda ta musamman ta kayan tarihi, kuma Peugeot sun buɗe gidan tarihin motocinsu a Sochaux tun 1988. Abin dariya shi ne 404 da 504 sun yi wuya a ƙasar da ta haife su. Wasu tsatsa ta cinye saboda gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Wasu kuwa a shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa suka riƙa tuƙo su ta Sahara, ta Tamanrasset da Arlit da Agadas, su sayar a Nijar da maƙwabtanta su koma gida a jirgi. Yau mai neman lafiyayyar akori-kurar Fijo a Turai sai ya sha wuya.

Mu ma ba a ce ba mu san darajar ajiye mota ba. Marsandin da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ran 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na Onikan a Ikko. Amma wannan tarihin shugabanni ne. Tarihin talaka da ɗan kasuwa, wa zai ajiye mana shi?

WADDA NA SAYA

Da Allah ya ɗan buɗa mini, sai na sayi wata 504 akori-kura a hannun wani dattijon direba da ido ya gaza masa. Shekara uku muna fama da ita ni da wani bakanike Bayarabe, tsoho ne da ya yi ƙuruciyarsa a kan Fijo. Wani abu mu samu a kasuwar Gate, wani sai Ladipo, wani sai na yi sako Kaduna. Ranar da ta tashi, ya kasa kunne ya ji ƙarar injin, ya ce, "Alhaji, wannan za ta binne ni, ta binne ka." Abokan kasuwa suna ta yi mini dariya, wai na zuba kuɗi a rijiya. Wani malami abokina ma ya ja ni gefe ya tambaye ni ko ba almubazzaranci ba ne. Na ce masa tambayarsa tana kan hanya. In mutum ya hana iyalinsa abinci ko ya ƙi biyan bashi don ya yi wa ƙarfe fenti, ya yi laifi. Amma tawa tana aiki, duk mako tana kai mini kaya Bodija, kuma in an buga ƙofata da dare ba na cewa a'a. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ga wanda yake da sha'awa, ga abin da na koya da kuɗina. Kada fenti ya ruɗe ka, ka durƙusa ka duba ƙasa: daɓen da direba yake taka ƙafa, mazaunin batir, da inda sifirin ya kama jikin mota, nan tsatsa take fara ci a ƙasar nan tamu mai ruwa. Inji ana gyara shi, amma ƙashin bayan mota in ya ruɓe sai haƙuri. Ka tabbata lambar inji da ta jikin mota sun yi daidai da abin da ke takarda, ka yi ciniki a gaban shaidu a rubuce, kada ka sayi rigima. In ka samu, ka ajiye ta a ƙarƙashin rufi, ka tayar da ita ko sau ɗaya a mako, ka kula da ɓeraye don suna cin waya. Kuma kada ka yar da komai na asali, ko tambarin zaki ne, ko tsohon lasin, ko rasit. Masu tarawa a waje sun fi daraja motar da aka san tarihinta a kan wadda aka yi wa kwalliya.

SHAWARA GA ƘUNGIYA

A ƙarshe ina miƙa roƙo uku ga shugabanninmu da dattawan Sabo.

Na ɗaya, a sa matasa su zaga unguwa su rubuta duk tsohuwar akori-kurar da ta rage, mai tafiya da wadda ta kwanta, a ɗauki hotonta tare da mai ita. Yanzu kowa da waya a aljihu, abin ba zai ci ko sisi ba.

Na biyu, a zauna da tsofaffin direbobi da yaran mota da kanikawa, Hausawa da Yarabawa, a naɗi labarinsu tun suna raye. Su suka san ƙauyukan da aka bi, da mutanen da aka yi amana da su shekara talatin ba takarda. 'Ya'yanmu suna buƙatar su ji cewa zamanmu a nan da gumi da amana aka gina shi.

Na uku, in irin motar nan ta faɗo cikin gado, kada a tauye magada, kuma kada a yi gaggawar kiran mai sikeli. A yi mata kuɗi na adalci, a sanar a masallaci, wanda yake da hali a dangi ko a unguwa ya saya, magada su karɓi haƙƙinsu cif. In ma ƙungiya za ta iya sayen guda ɗaya ta gyara ta ajiye don hidimar jama'a, to da an yi abin kirki. Abin da ya same mu a gidanmu, ba na so ya sami wani.

Yaron nan da ya tambaye ni a Mokola, na ce ya zo gida ran Asabar. Ya zo da abokansa huɗu, na zuba su a baya muka zaga har Dugbe muka dawo, na nuna musu tashar da kakanninsu suka yi dako. Yanzu kullum sai sun tambaye ni yaushe za a sake.

Allah ya ji ƙan iyayenmu da direbobinmu da suka riga mu, ya kiyaye na kan hanya, ya sa albarka a kasuwancinmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wanda ya ga kuskure a abin da na rubuta, ko yake da ƙarin bayani ko tsohon hoto, ƙofata a buɗe take.